Layar Ubana Cikin Fiffiken Jirgi

Da sunan Allah nake ci gaba, ni Haruna ɗan Idi baduku, mutumin Damagaram, mazaunin Vénissieux. Karatuna na lakwal bai wuce aji uku ba, don haka in kun ga rubutun ya karkace ku gyara a zuci, kada ku zo kuna nuna mini da yatsa. Mariyama, Sani, wannan babin naku ne. Kun tashi kuna jin magana iri biyu a kan barina aikin jirage. A masallacin kartiye, unguwarmu ke nan, ana cewa Nasara sun kore ni don sun ga aya a hannuna. Matan bene na bakwai kuma suna cewa asiri na yi wa wani tsoho don in ci gadonsa. Duka biyun ƙarya ne, na kuma gaji da gyara wa mutane zance ɗaya bayan ɗaya a bakin matakala.

Ranar da zan bar gida ubana ya raka ni tasha. Bai yi mini wa'azi ba, ba halinsa ba ne. Ya kwance laya daga damtsensa, jar fata, girmanta bai wuce kwalin ashana ba, fata ninki uku, ɗinkin hannunsa, ya ɗaura mini. A gidanmu haka ake yi tun kakanni: duk abin da matafiyi zai hau ko zai rataya, ba ya fita daga hannunmu sai an ɓoye laya a cikinsa. Sirdi ne, jakar fatake ce, daga baya har kujerar direban kamyo, babbar motar kaya. Kuma ba a gaya wa mai kayan, wai faɗa yana rage mata ƙarfi. Kakana yana da labarin da ya fi so. Wai zamanin da Nasara suka fara ratso hamada da jirgi, wani ya sauka a bayan gari da fiffike a yage, jama'a suka watse, aka rasa mai ɗinki sai shi. Ya ɗinke yadin da basillarsa, ya cusa laya ciki ba wanda ya gani, jirgin ya tashi, har aka ji ya isa inda za shi. Na ji labarin nan ya fi sau ɗari. Ku riƙe shi, shi ne ya kai ni ya baro.

Shekarun Paris ba zan daɗe a kansu ba. Na shimfiɗa zane a Porte de la Chapelle ina sayar da ɗamara da jakunkunan aljihu, ido ɗaya kan kaya ido ɗaya kan 'yan sanda. Na yi dako a kasuwar Rungis, ina saɓa rabin naman sa mai sanyi kamar ƙanƙara, can na baro lafiyar bayana. Da takarduna suka fito, uwarku ta zo, yayanta ya samar mini aiki a wani depo na ajiye kaya kusa da Lyon, muka dawo unguwar Minguettes a nan Vénissieux. Ran Asabar nakan je wani gareji in ɗinke kujerun tsofaffin motoci, don kada hannu ya manta. A can wani tsoho ya tsaya a kaina yana kallo har na tsargu. Ya ɗauki fatar ya juya bayanta, ya bi ɗinkin da farce, ya tambaye ni ko na taɓa ɗinka fiffike. Na ce kakana ya taɓa. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Sunansa Lusiyen, kafinta ne da ya ajiye aiki. Bai taɓa iya faɗin sunana daidai ba, Aruna yake cewa har ya mutu. Ya kai ni wani ƙaramin filin jirage a bayan gari, inda wata ƙungiya ta tsofaffi ke da rumfa, suna gyaran jiragen da suka girme su. A ƙuryar rumfar na ga abinsa. Gangar jikin kamar kwalekwale, itace da yadi, farfela a hanci, a bisa kai kuma wuri ne na fukafukai uku dogaye da za su riƙa juyawa kamar fankar silin. Ya ce sunansa otojir, shi ne kakan jirgi mai saukar ungulu. In yana sama inji yana jan shi gaba ne kawai, fukafukan sama iska ce ke juya su, su kuma su ɗauke shi. Ubansa makanike ne, ya yi aiki a kan irinsa, ya taɓa ɗora shi a wuya yana ƙarami don ya ga tashinsa. Tun kafin a haife ki, Mariyama, yake sassaƙa wannan daga tsofaffin zane-zane. Burinsa ɗaya ne, ya tashi daga Lyon ya sauka a wani fili bayan Paris, yana bin kogi da layin dogo da ido, taswira a kan gwiwa, kamar yadda mutanen farko suka yi. Yakan ba ni labarinsu muna cin burodi da rana: waɗanda suka ƙetare teku ba su san ko mai zai kai su ba, waɗanda suka faɗi cikin yashi aka tsince su bayan kwanaki, da waɗanda ba a tsinta ba. Ni dai nakan ce masa duk mahaukata ne. Ya ce ƙwarai, shi ya sa yake son su.

Fukafukan nan itace ne a ciki, ƙashin baya guda da haƙarƙari ƙanana jere, sai a lulluɓe da yadi a ɗinke shi jikin kowane haƙarƙari, a shafa wani ruwa mai hawa kai har yadin ya ɗame kamar fatar kalangu. Itacen nasa ne, ɗinkin nawa. Da sauran tsofaffin suka ga aikin, kowa ya ce nasa jirgin ma yana so. Ƙungiya ta ɗauke ni, na ajiye aikin depo. Karo na farko tun da na taka ƙasar nan ina tashi da safe in tafi sana'ar ubana, in dawo bayana bai yi mini kuka ba. Uwarku ta ce har tafiyata ta sake.

A farkon bazarar wata shekara likita ya gaya wa Lusiyen idonsa na tafiya, takardarsa ta tuƙin jirgi ba za ta wuce ƙarshen zafi ba. Muka ƙara himma. Aka gama fukafukai uku, shugaban ƙungiya, wanda shi ke duba aiki ya buga hatimi, ya ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya har sai da suka zo daidai, ya sa hannu. Washegari wajen ɗauka aka bugi ƙofar rumfa da bakin guda, yadin ya yage kamar tsawon tafin hannu, can kusa da ƙarshe. Shugaba ya duba ya ce itacen lafiya, Aruna ya yi faci, faci ba shi da nauyin da zai dami kowa. Suka tafi cin abinci suka bar ni da fiffiken a kan tebur, ramin a buɗe yana kallona.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na yi dogon tunani ba. Na ga tsoho mai rabin ido zai hau kwalekwale ya bi sama, mutumin da ya mayar mini da basilla hannu. Me nake da shi da zan ba shi? Na kwance layar ubana daga damtsena, na cusa ta tsakanin haƙarƙari biyu, na ɗaure ta tamau da zare mai kaki, na rufe da faci, na shafe. Ɗinkin da na yi ran nan ban taɓa yin mai kyansa ba. Na koma gida raina fari, ina jin kamar kakana na dafa kafaɗata.

Bayan mako guda aka fito da jirgin gwaji a ƙasa. Aka ɗaure ƙafafunsa, Lusiyen ya shiga, aka ta da inji, aka fara juya fukafukan. Da farko lafiya. Da suka ɗauki gudu sai jirgin ya kama rawa, ƙafa ɗaya na ɗagawa tana dira, ƙusoshi na ƙara, kan tsohon na kaɗawa kamar ba a jikinsa yake ba. Shugaba ya ɗaga hannu aka kashe. Aka sake, haka. Aka ƙara ɗaure nan, aka sassauta can, kwana uku ana abu ɗaya. A ƙarshe shugaba ya tara mu ya ce a ganinsa ƙashin bayan ɗaya daga cikin fukafukan ya murɗe a ciki, itace yakan yi haka in an sassaƙa shi ba daidai ba. Sassaƙa sabo zai ci shekara. Ba zai buga hatimin tashi ba. Amma akwai gidan ajiye tsofaffin jirage a Paris da zai karɓe shi da murna, a rataye shi mutane su riƙa kallo.

Lusiyen bai yi gardama ba. Ya zauna a kan akwatin kayan aiki yana juya hannuwansa, ya dube ni.

"Aruna, shekara hamsin hannun nan bai yi mini ƙarya ba. Ashe ido ya riga ya tafi ban sani ba. Jirgin zai je Paris, amma a bayan kamyo."

Wallahi har lokacin ban kawo layar a raina ba. Abin da bai kai nauyin dabino uku ba, ina shi ina girgiza jirgi? Sai ran Lahadi da hantsi, ina zaune a kicin, uwarku ta sa bargo a injin wanki. Da ya zo wajen matsewa sai injin ya kama tsalle yana tafiya har ya bugi ƙofa. Ta kashe shi tana faɗa, ta ce kullum haka yake in kaya suka taru gefe guda. Ta buɗe ta baza bargon, ta kunna, ya yi lum. Na zauna ina kallon injin nan, sai na tuna majajjawar da muke korar tsuntsaye da ita a gonar gero. Tsakuwa ce 'yar ƙarama, amma in ka juya ta da ƙarfi sai ka ji tana neman cire maka kafaɗa. Fiffiken kakana a tsaye yake, ba ya juyawa. Nawa yana juyawa, kuma a can bakin ƙarshe na ɗaure ta. Shayin da ke hannuna ya huce ban sani ba.

Na gaya wa uwarku komai. Ta saurara har na gama, ta rufe ƙofar kicin don kada ku ji, ta tambaye ni wa ya sani. Na ce ba kowa. Ta tambaya ko za a buɗe fiffiken a can gidan ajiya. Na ce ba mai buɗewa, rataye shi za a yi har ya ruɓe.

"To Malam, ka rufe bakinka. Ka san ƙasar da muke ciki, ka san lokacin da muke ciki. Baƙin mutum, Musulmi, ya ɓoye takarda da rubutun Larabci cikin jirgin sama. Wa zai tsaya ya ji labarin kakanka? Komisariya za su kai ka, wajen 'yan sanda, mu kuma su bi mu da tambaya. Tsohon nan ba mutuwa zai yi ba, tafiya ce kawai ta fasa."

Ba ta faɗi ƙarya ba ko ɗaya, kada wanda ya zarge ta a cikinku. A shekarun nan ko jaka ka manta a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai an tsayar da layi. Takardun zamana saura wata bakwai a sabunta su. Na yi shiru kwana huɗu. Ina zuwa rumfa ina ɗinkin jirgin wani, Lusiyen kuma yana zuwa yana kwashe kayan sassaƙarsa cikin kwali, yana rabar da su. Ya miƙo mini wata 'yar wuƙa mai ƙotar zaitun, ya ce shi ya gama da ita. Abin da ya fi damuna ke nan. Da tafiyar ce kawai, wataƙila da na haɗiye. Amma mutumin nan zai shiga kabari yana ganin hannunsa ne ya ci amanarsa, alhali nawa ne. Ni ɗan sana'a ne, na san abin da wannan ke nufi. Ubana da idonsa ya raunana, ranar da ya ga ɗinkinsa ya karkace, bai ƙara cin abincin kirki ba.

Ran Juma'a da safe na gaya wa uwarku zan faɗa. Ta ɗauko takardunmu duka ta sa a jaka guda ta ajiye bakin ƙofa, ko da za a zo nema. Na hau taram, jirgin cikin gari, na sauka, na taka sauran da ƙafa. Ana shirin naɗe fukafukan cikin barguna, kamyo zai zo ran Litinin. Mutum shida ne a rumfar. Na ce su dakata, a ɗora mini wanda na yi wa faci a tebur. Na fitar da wuƙar da Lusiyen ya ba ni. A gidanmu baduku ba ya farke ɗinkinsa a gaban mutane, abin kunya ne babba, in ya yi kuskure sai ya shiga ɗaki. Na farke shi a gabansu, zare bayan zare, na sa yatsa biyu na yanke ɗaurin, na ajiye layar a kan tebur.

Shugaba ya ja da baya kamar ya ga kunama. Ya tambaye ni mene ne wannan, me ke ciki. Na ce addu'a ce, ta ubana ce, na sa don ta tsare tsohon. Ya ce in buɗe. Na farke ɗinkin ubana shi ma, wannan ya fi mini ciwo, na warware takardar da ta yi baƙi da gumin mutum biyu. Suka leƙa rubutun, ba mai iya karantawa. Wani ya ce a kira jandarma. Shugaba ya yi ta faɗa, fuskarsa ja wur, yana cewa da an tashi da shi haka da fiffiken ya tsinke a sama, da na kashe mutum da addu'ata. Gaskiya ya faɗa.

Lusiyen ya matso. Ya tattara fatar da takardar ya ɗora a sikeli, ya sa tabarau ya duba, ya ɗauki fensir ya yi lissafi a jikin tebur. Sannan ya bi ƙashin bayan fiffiken da tafin hannu ta cikin ramin, a hankali, ido rufe. Da ya buɗe ido sai na ga hawaye.

"Itacena lafiya lau yake," in ji shi. "Ba mai kiran kowa. Aruna, kai jaki ne. Ɗauko basillarka ka rufe mini ramin nan."

Na rufe, shugaba na tsaye a kaina yana kallon kowane zare. Shi ne ɗinkina na ƙarshe a rumfar. Ƙungiya ta zauna a ranar, suka ce ba za su kai ni ko'ina ba saboda tsohon ya roƙa, amma wanda ya ɓoye abu cikin jirgi sau ɗaya ba a sake barinsa shi kaɗai da fiffike. Suka karɓi makullina. Lusiyen ya yi musu ihu, bai yi amfani ba. Ni ban ga laifinsu ba, ko ni ne haka zan yi. Da faci ya bushe aka sake gwaji, aka ce mini fukafukan sun juya lum kamar an shafa musu mai. Ban gani ba, ina depo, na koma roƙon tsohon aikina, aka ba ni na ɗaukar kwalaye.

Ana saura kwana biyu ya tashi sai ga shi a Minguettes, ya hau bene tara da ƙafa don asansar, na'urar hawa bene, ta lalace, yana haki. Uwarku ta ba shi ruwa tana kallonsa a kaikaice. Ya ajiye wata tsohuwar rigar fata ta matuƙa a kan teburin kicin, ta ubansa ce, ya fitar da takardar da jar fatar daga aljihu. Ya ce shi bai yarda da Allahna ba, bai ma yarda da nasa ba sosai, amma an ba shi kyauta kuma ba a mayar da kyauta. Ya tambaye ni ina ake sa ta ga wanda ba ya juyawa. Na ce a damtse, ko a ƙirji. Na mayar da takardar cikin fatarta, na bi ramukan basillar ubana ɗaya bayan ɗaya don kada in huda sabo, na ɗinke ta cikin rigar ta ciki, wajen zuciya. Uwarku ta zuba masa shinkafa da miya, ya ci yana kuka da yaji.

Kwana biyu ya yi a hanya, yana sauka shan mai a ƙananan filaye, sau ɗaya kuma iska ta zaunar da shi rabin yini. Na roƙi hutun kwana ɗaya na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, daga can na nemi bas zuwa filin. Ban shiga ba, 'yan ƙungiya na ciki, na tsaya bayan shingen waya tare da masu kallo. Wajen la'asar aka ji ƙara kamar ta tsohon babur, sai ga shi ƙasa-ƙasa bisa itatuwa, ɗan abu kamar kujera an rataye ta a fanka. Ya sauko a hankali, ya dira, bai yi gudun taki ashirin ba ya tsaya. Mutane suka yi ta tafi. Aka ciro shi don ƙafafunsa sun sage. Ya tsaya yana waige-waige, na san ba ya hango nesa, don haka ban ɗaga hannu ba. Sai na ga ya dafa ƙirjinsa na hagu ya bubbuga sau biyu, yana fuskantar wajen da ba ni nake ba.

Shekara tara na ƙara a depo kafin baya ya kayar da ni gaba ɗaya. Ba wanda ya sake ba ni fiffike. Sani, ka taɓa ce mini laya shirka ce, na ce ka bari sai ka girma mu yi maganar. Ka girma, kuma har yanzu ban shirya ba. Da Lusiyen ya mutu 'yarsa ta kira ni ta ce ya bar wasiyya a binne shi da rigar, tana tambaya ko akwai abin da nake so a cire daga ciki kafin a rufe. Uwarku na gefena tana ji. Na ce a bar masa, tafiya ce zai yi.